Ranar da Aka Dawo da Absalom a Akwati

Wa ya aike ki da wannan tambayar, Effie? Dattijo yana zaune da ransa, yana cin kifinsa da dankalinsa, ke ba ki da aiki sai tonon dalilin da ya sa ake ce masa Marigayi. Kwanukan da na ce ki wanke suna can suna jiran ki. To, tunda kin tona sai ki ji, amma riƙe min ulun nan da hannu biyu. Ke kuma Jemima, bar wasa da murhu. Ba a saurarona da hannu wofi.

Kawu Absalom Tizzard da kuke gani yanzu yana jan ƙafa, a lokacin tuzuru ne da ya haura arba'in, ba shi da komai a duniya sai kwalekwale ɗaya da baki. Bakin ya fi kwalekwalen gudu. Sau ɗaya ya taɓa shiga babban jirgin da ke kai busasshen kifi Brazil, tun ba a bar gaɓarmu ta Newfoundland ba aka sauke shi saboda amai. Amma daga ranar babu abin da zai faru a garin nan da bai ga wanda ya fi shi a Brazil ba. Ka kama kifi, na Brazil ya fi shi girma. Haƙorinka ya yi ciwo, nasa ya fi ciwo a Brazil.

Ana nan sai Tryphena Keeping ta dawo daga Boston bayan mijinta ya rasu a can. Ta dawo da baƙaƙen kaya, da fuskar da ba ta dariya, da wata ɗabi'a ta mutanen birni: wai mutum ya tashi ya je wuri, ba don ya kai komai ko ya ɗauko komai ba, don kawai ya kalla. Ruwa ne fa da dutse. Mu da kullum su ne a bakin ƙofarmu.

Absalom ya sa ta a gaba da maganar aure. In ta fita ɗiban ruwa yana nan, in ta fito daga coci yana nan. Da ta gaji sai ta ce masa, "Tun ina yarinya nake hangen hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta tsibirin can ta taga, ban taɓa hawa ba. Kai ni in gani. A can sama zan ba ka amsa, e ko a'a, daga nan kuma ba ka sake tambayata."

"An gama," in ji Absalom. "Hasumiya ai ƙanwata ce."

Ku waya ta lalata ku, ba ku san yadda ake yi a da ba. In Garland Pardy mai kula da fitila yana neman mutanen gari, ƙyalle yake ɗaurawa a ƙarfen da ya zagaye saman hasumiyar, ta gefen da ke kallonmu. Fari, haihuwa ce, a kawo ungozoma. Baƙi, mutuwa ce, a kawo akwati. Ko jaririn goye ya san wannan. Matarsa Dorcas ko zanen gado ba ta shanyawa sai a bayan gida, ta gefen teku.

Ranar tafiya rana ta fito tas, irin ranar da duk mai hankali yake kan shanyar kifi. Sai ga Absalom ya gangaro matsayar kwalekwale cikin baƙar kwat da baƙin wando na ubansa, na ulu mai kauri, sun matse shi kamar an ɗura shi a ciki. Tryphena tana biye da kwando: burodi, maɗi, butar shayi, da farin zanen tebur da ta zo da shi daga Boston.

Obadiah Snook kafinta ya ɗago daga katakon da yake fiƙewa. "Absalom, wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu. Shan iska za mu a hasumiya."

"Ta nan ta ƙare ne?"

Gwaggo Keziah ungozoma tana juya kifi a kan shanya, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Bar shi ya je. Wanda ba shi da kifin juyawa ai dole ya nemi abin yi. 'Yar nan, kin iya iyo?"

"Ba za ta buƙata ba, Gwaggo," in ji Absalom. "A hannun wanda ya ratsa teku bakwai take."

"Bakwai? Bara biyar ne."

"An ƙara."

Ya zaunar da Tryphena, ya cire hularsa ya ajiye a kujera, ya tofa yawu a tafi, ya kama ƙafar injin. Irin tsohon injin nan ne mai tuk-tuk, wanda in ka murɗa shi ba daidai ba yake tashi da baya. Haka kuwa ya tashi. Kwalekwalen ya yi baya da gudu ya daki ginshiƙin rumfar Obadiah, gangar man hantar kifi da ke sama ta tuntsuro ta fashe a kan katakai, warin ya tashi har tsuntsaye suka bar wurin.

"Wayyo man nawa!" in ji Obadiah. "Man shekara guda!"

"A Brazil da baya ake fita!" Absalom ya ɗaga murya yana kokawa da akalar kwalekwalen. "Don girmama waɗanda aka bari!"

"To ka girmama mu daga nesa!"

Da ƙyar ya juya kan kwalekwalen. Duk hanya yana nuna wa Tryphena duwatsun da ta sani tun kafin ya iya sa wando, yana gaya mata sunayensu ba daidai ba. Ita dai ta riƙe kwandonta.

Da suka isa tsibirin ya yi tsalle ya ɗaure igiya a wani ƙarfe, ya ja da baya yana sha'awar aikinsa. "Ƙullin Brazil ke nan. Ko guguwa ba ta kwance shi." Sannan ya hau kan wani dutse da gansakuka ta rufe, ya miƙo hannu kamar yadda ya ji ana yi a birni. "Taho, kada ki ji tsoro, ina riƙe da ke."

Tryphena ta ɗaga siket ta taka ta wuce shi ta hau tudu. Shi kuwa, da hannunsa a miƙe, ƙafafunsa suka tafi gabas, sauran jikinsa ya tafi yamma. Tsulum! Har wuya.

"Zurfin nake gwadawa," ya ce yana furzar da ruwa.

"Ya ka same shi?"

"Daidai ne."

Babu kowa a gidan fitilar. Tryphena ta leƙa ta ga bokitai ba sa nan, ta ce lalle Garland da Dorcas sun tafi fadamar bayan tsibiri tsinkar 'ya'yan itacen nan masu ruwan ɗorawa da muke dafawa da sukari don lokacin sanyi. Absalom kuwa yana tsaye yana karkarwa. Ulu in ya sha ruwa nauyin tunkiya yake yi, kuma warinta yake yi. Baƙin rinin ya fara zuba, ya gangaro masa har yatsu.

"Shiga rumfar can ka tuɓe, kafin ka mutu a hannuna," in ji Tryphena. Ta miƙa masa zanen tebur. "Yafa wannan. Ni zan zagaya bayan gida inda babu iska in hura wutar shayi."

Ya fito a naɗe cikin farin zane, ya shimfiɗa kwat da wando a kan dutse. Bai gama gyara su ba ya ji ana jan hannun kwat ɗin. Bunsurun Garland ne, wani tsoho mai ido ɗaya da babu abin da ba ya ci.

"Kai! Saki!"

Bunsuru ya ja, Absalom ya ja. Hannun kwat ya rabu da kwat. Absalom ya sunkuya zai kwashe sauran, bunsuru ya ja da baya ya auna, ya sauke masa kai a inda ake zama. Ya tashi ya ruga da kayansa a ƙirji, bunsuru na biye, sai da suka zagaya hasumiyar sannan ya faɗa ƙofarta ya banko.

"Lafiya?" Tryphena ta kira daga bayan gida.

"Ƙalau! Sama zan kai su, can iska ta fi busarwa!"

"Ta gefen teku fa!"

"Ni za ki koya wa? Ni da na hau ƙololuwar sandar jirgi a tsakiyar guguwa da kofin shayi a hannu, ko ɗigo bai zube ba?"

Gaskiyar magana, Absalom ko rufin ɗakinsa bai taɓa hawa ba. Matakalar hasumiya kuwa murɗaɗɗiya ce, ka yi ta juyawa kana juyawa kamar ana kaɗa ka a tukunya. Kafin ya kai sama ya manta inda gabas take. Ya tura 'yar ƙofar, ya sa ƙafa ɗaya waje, ya yi kuskuren duban ƙasa. Ya hango bunsurun ya koma kamar ƙuma.

Ya runtse ido gam. Ya durƙusa ya rarrafa, yana lalube, ƙarfen farko da hannunsa ya taɓa nan ya ɗaure wando, ya ɗaure kwat, ba da ƙullin Brazil ba, da ƙullin mai tsoron mutuwa. Yana juyowa iska ta shiga ƙarƙashin zanen tebur ta fizge shi, ta naɗe shi a ƙarfen kusa da wandon. Bai ko nemi kamawa ba. Ya rarrafa ciki ya rungume gindin fitilar da hannu biyu da ƙafa biyu, daga shi sai dogon wandon ciki na ulu wanda ya huje a gwiwa, ya huje kuma a inda bunsuru ya gaisa da shi.

Can sai ya ji muryar Tryphena daga gindin matakala. "Ya wurin yake?"

"Kyau! Har Brazil nake hangowa!"

"To ga ni nan. Ai a sama na ce zan ba ka amsa."

Absalom ya dubi kansa da ido ɗaya. Wata da watanni yana bin amsar nan, ga ta tana hawowa da ƙafafunta.

"Kada ki hau!"

"Don me?"

"Matakalar ta ruɓe!"

"Ta ƙarfe ce, Absalom."

"Fentin bai bushe ba!"

"To kai ka sauko."

"Ina zuwa. Nazarin iska nake yi."

Tryphena ta zauna a matakin farko da kofin shayinta. "Yi a hankali. Ni ba inda za ni."

A can gari kuwa, Gwaggo Keziah ce ta fara miƙe baya ta dubi tsibiri. Ta sa hannu a goshi, ta sake duba. "Jama'a! Baƙi a hasumiya!"

Kowa ya saki abin da ke hannunsa.

"Garland ya tafi," in ji Obadiah, ya cire hula. "Dama tun bara launinsa bai yi min ba."

"Tsaya," in ji Keziah. "Akwai fari a gefensa."

"Fari? Dorcas ta kusa sittin!"

"Na ga abin da ya fi haka a aikin nan. Ɗauko min jakata."

Ba a taɓa ganin baƙi da fari tare ba, don haka babu wanda ya yarda a bar shi a baya. Obadiah ya hau soronsa ya zazzage dankalin da yake ajiyewa a cikin akwatin da ya daɗe da ƙera wa Garland a ɓoye, ya saɓo shi. Keziah ta tare shi a bakin ruwa. "Ka tabbata? Ka san akwatin da ya haye ruwa ba ya dawowa wofi. In ya dawo, a cikin gari zai nemi mai shi."

"Baƙi baƙi ne, Keziah. Kauce."

Duk abin da ke iya tsayawa a kan ruwa aka tura shi. Suna tsakiyar hanya sai ga kwalekwale yana tahowa shi kaɗai, igiyarsa tana jan ruwa, hular Absalom tana zaune a kujera. Ƙullin Brazil ya kwance.

Sai mata suka fashe da kuka.

"Ashe shi ne! Wayyo Absalom!"

"Ƙarya yake yi, amma bai taɓa cutar kowa ba."

"Na yafe masa man," in ji Obadiah yana share ido. "Rabi."

Wani ya ɗauko waƙar jana'iza, kowa ya kama.

Waƙar ce ta iske Absalom a sama. Ya buɗe ido ɗaya ya leƙa ta gilashi. Ya ga kwalekwalen gari kakaf sun nufo tsibiri, akwati a na gaba. Ya ɗan karkata kai, ya ga wandon ubansa a kan ƙarfe, iska ta cika shi, yana ɗaga wa gari ƙafa biyu. Ya mayar da idon ya rufe.

Jama'a suna hawowa tudu, Garland da Dorcas suna ɓullowa daga fadama da bokitai cike. Keziah ba ta tsaya gaisuwa ba, ta cafki Dorcas ta dafa mata ciki.

"Tun yaushe ya fara? Me ya fito da ke a wannan hali?"

"Me ya fara?"

"Naƙuda!"

"Keziah, jikokina sun fara aske gemu! Cire hannunki ko in kife miki bokitin nan!"

Garland kuwa yana zagaya akwatin. "Wannan na wane ne?"

"Naka ne," in ji Obadiah, "amma Absalom za mu ara wa."

"Nawa? Yaushe ka auna ni?"

"A coci, kana barci."

"Ya yi gajere."

"Da an lanƙwasa gwiwa."

Ƙofar hasumiya ta buɗe, Tryphena ta fito da kofi a hannu. Mata suka yi kanta suka rungume. "Sannu, 'yar nan. Sau biyu ke nan, Allah ya ba ki haƙuri. A ina ruwan ya ci shi? An ga gawar?"

Tryphena ta dube su, ta dubi akwatin, ta tako gaba ta ɗaga kai ta ga abin da ke kaɗawa a sama. Ta kurɓi shayinta.

"Gawar tana sama," ta ce. "Tana nazarin iska."

Maza huɗu suka hau. Sai da aka ɓamɓare yatsun Absalom daga gindin fitilar ɗaya bayan ɗaya. Garland ya fita ya kwance kayan yana zagi, ya wurgo su ƙasa: kwat ta bi iska ta faɗa teku, wando ya sauka a gaban bunsuru, bunsuru bai yi wata-wata ba. Zanen tebur kaɗai aka tsira da shi. A ciki aka naɗe Absalom aka sauko da shi a kafaɗa, ido a rufe, wuya da hannuwa baƙi ƙirin da rini, aka tsayar da shi a gaban gari duka.

Ya buɗe ido. Ya gyara murya.

"Gwaji ne," ya ce. "So nake in ga ko kuna lura da hasumiya. Kun yi ƙoƙari. A Brazil da sun fi ku sauri."

Sai aka ji wani sauti da ba a ji ba tun dawowar Tryphena daga Boston. Dariya take yi. Kofin ya faɗi, ta riƙe ciki, ta zame ta zauna a ƙasa cikin baƙaƙen kayanta, hawaye na zuba, tana nuna bunsurun da ƙafar wando ke leƙowa daga bakinsa.

"Na janye yafewar," in ji Obadiah. "Garland, ga akwatinka nan, a bar maka."

"A ƙofar gidana? Ka ɗauke abinka tun ina ganin ka da mutunci."

"To ba ya komawa wofi," in ji Keziah. Ta juyo ta dubi Absalom tun daga sama har ƙasa. "Kai ka kira shi. Kai za ka cika shi."

Absalom ya buɗe baki zai yi gardama, iska ta ɗaga masa gefen zane ta baya, 'yan mata suka yi ihu. Da kansa ya shiga. Har murfin ya jawo.

Aka ɗora akwatin a kwalekwalen Obadiah, Tryphena ta zauna a gefensa tana share ido. An yi nisa kafin murfin ya ɗan ɗaga, ido biyu suka leƙo.

"Tryphena."

"Na'am, Marigayi."

"Ba ki hau saman ba."

"Ban hau ba."

"Ke nan babu amsa?"

Duk kwalekwalen da ke kusa suka kashe inji don su ji.

"Na taɓa sa namiji a irin wannan akwatin," in ji ta. "Na zauna a gefensa kamar haka, na yi ta kiran sunansa, bai amsa ba. Kai kuwa ko an rufe ka ba ka yin shiru. Na yarda. Amma ni ce mai ɗaure igiya."

Murfin ya yi sama, Absalom ya tashi zaune cikin zanen tebur yana ɗaga baƙin hannu. "Kun ji ko? Dama haka na tsara! Ai a Brazil duk mai neman aure..."

Tryphena ta dafa masa kai ta mayar da shi, ta ja murfin, ta hau ta zauna a kai. Haka aka shigo gari, ita a sama tana gyara gashinta, Brazil tana fitowa ta tsagin katako.

Daga ranar sunan ya bi shi, har limamin coci sai da ya kusa faɗarsa ranar ɗaurin auren. Ni kuma kifin da na bari a shanya na bi jama'a tsibiri, rana ta ƙona shi ƙurmus, har yau Absalom bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban manta ba.

In na ji ɗayarku ta kira shi haka a gabansa, sai na ja mata kunne, ba sa'anku ba ne. Kawo ulun, Effie, kin cukurkuɗa shi. Kwanukan su kwana, da sassafe ki same su. Ku tashi ku ba ni wuri, kowa gadonta, kuma kada in ji dariya ta bango.